Tarihin Muhammadu Marwa Maitatsine Da Fitinar 'Yan Awaki

A cikin dubban mutanen da suka shigo birnin Kano neman ilmi ko neman abinci a ƙarnin da ya wuce, da wuya a sami wanda sunansa ya bar tabo a zukatan jama'a kamar Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine. Ya shigo garin yana baƙo, ba gida ba dangi, ya mutu a cikinsa bayan shekara kamar 35, a ƙarshen watan Disamba na 1980, a cikin wata fitina wadda shi ya hura wutarta, wadda kuma ta ci rayuka 4,177 bisa ga ƙidayar hukuma. Da yawa daga cikin waɗanda suka halaka ba almajiransa ba ne, ba kuma 'yan sanda ko soja ba ne. 'Yan kasuwa ne da masu sana'a da mata da ƙananan yara, waɗanda ba su da wani laifi illa maƙwabtaka da shi. Tarihinsa yana nuna irin hasarar da talaka yakan yi idan hukuma ta ga ana tara makamai ta kau da kai.

Asalinsa Da Zuwansa Kano

Asalinsa mutumin ƙasar Marwa ne, a arewacin Kamaru, daga nan ne kuma ya sami sunan da ake kiransa da shi. Ya iso Kano wajen shekarar 1945, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da Turawa ke mulki. A wancan zamani ba abin mamaki ba ne gardi ya taso daga gabas da allonsa da buzunsa ya sauka a zauren wani attajiri, ya yi karatu, ya karantar, jama'ar unguwa kuma su ɗauke masa abinci. Ta wannan hanya ya shigo, ya kuma yi suna wajen karatun Alƙur'ani da fassara shi a bainar jama'a.

Amma tun da wuri aka lura wa'azinsa ya bambanta da na sauran malamai, gama ba ya rabuwa da zagi da tsinuwa. Duk wanda bai yarda da maganarsa ba sai ya tsine masa. Da yake kuwa Hausa ba harshensa na gado ba ne, idan ya zo tsinuwar yakan sa ta inda ya kamata ya sa ya, daga nan mutanen gari suka laƙaba masa Maitatsine, mabiyansa kuma aka riƙa ce da su 'yan tatsine. Ya haramta sauraron rediyo, da ɗaura agogo, da hawan keke ko mota, da ajiye kuɗin da ya wuce bukatar yini. Ya kafirta masu karatun boko da ma'aikatan gwamnati. Daga baya ya yi watsi da hadisai, ya ce Alƙur'ani kaɗai ya sani, shi ma bisa ga fassarar da ya ga dama.

A shekarar 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, aka gurfanar da shi gaban alƙali saboda wa'azin ɓatanci, aka ɗaure shi, sa'an nan aka kore shi zuwa ƙasarsu. A wannan karo hukuma ta yi abin da ya kamace ta tun ba a zubar da jini ba. To, amma Sarki Sanusi ya bar gadon sarauta a 1963, ba a kuma daɗe ba Maitatsine ya sulalo ya komo Kano, ya ci gaba daga inda ya tsaya. A shekarun 1970 an sake kama shi aka ɗaure, amma da ya fito sai ya koma gidansa da wa'azinsa, ba wanda ya sake tayar da maganar korar da aka yi masa tun farko.

Yadda Ya Tara Jama'a

Kafin a gane yadda mutum ɗaya ya tara dubban mabiya, sai an duba halin da ƙasa ke ciki a lokacin. Fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, ya kashe dabbobi, ya kori manoma daga ƙauyuka. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka kwararo cikin birane, aka yi ƙarin albashin Udoji, 'yan kwangila suka yi arziki dare ɗaya, farashin kaya kuma ya tashi. Gardin da a da yake zuwa cin rani ya sami zauren kwana da ƙananan sana'o'i irin su ɗinkin hula da dako da yankan farce, sai ya tarar attajirai sun ƙaura zuwa gidaje masu katanga da maigadi, sana'o'in kuma ba sa ciyar da shi. Karatun da ya sha wuya a kansa ba ya ba shi aiki a ofis ko a masana'anta.

Irin waɗannan samari Maitatsine ya riƙa tara wa kansa. Almajiransa sukan tsaya a tashoshin mota da tashar jirgin ƙasa su tari baƙin yara, su kai su gidansa da ke unguwar 'Yan Awaki, a ba su tuwo da wurin kwana. Sa'an nan a koya musu cewa duk mai hawa mota da mai sa tufafi masu tsada ɗan wuta ne, su kaɗai ne a kan gaskiya. Aka ba su layu da guraye, aka sa musu a rai cewa ƙarfe ba ya kama su. Yawancinsu 'yan Nijeriya ne, ko da yake akwai waɗansu daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Kafin ƙarshen shekarun 1970, 'Yan Awaki ta zama kamar wata ƙasa a cikin ƙasa. Mabiyansa suka yi gine-gine ba da izni ba, suka toshe hanyoyi da magudanan ruwa, suka matsa wa maƙwabta har waɗansu suka bar gidajensu. Ɗan sanda ba ya shiga unguwar da sammaci. Idan sun fita wa'azi a bakin kasuwa ko kusa da masallaci suna ɗauke da wuƙaƙe a ƙarƙashin riga, wanda ya tanka musu kuwa ya sha duka. An kuma ba da shaida cewa a ƙarshen rayuwarsa ya ɗaukaka kansa zuwa matsayin annabci, abin da ya raba shi da dukan malaman Kano, na ɗariƙa da waɗanda ba na ɗariƙa ba. Mutanen unguwa sun kai kuka wurin hukuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an kuma yi arangama da 'yan sanda a lokatai dabam dabam, amma kowane karo sai a kama 'yan kaɗan, a bar gindin abin yana nan.

Siyasa ma ta taimaka wajen wannan jinkiri. Bayan komawa mulkin farar hula a watan Oktoba na 1979, jam'iyyar PRP ke mulkin Jihar Kano a ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, alhali kuwa Gwamnatin Tarayya ta Shugaba Shehu Shagari ta NPN ce. 'Yan sanda a hannun Tarayya suke, Gwamna ba shi da ikon ba su umurni kai tsaye, tsakanin ɓangarorin biyu kuma ba yarda. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, Maitatsine kuwa yana ƙara tara mutane da makamai.

Fitinar Disamba 1980

A ƙarshen watan Nuwamba na 1980 Gwamna Rimi ya aika masa da takarda, ya ba shi mako biyu ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba. Wa'adin ya cika ba a yi kome ba. Abin da takardar ta haifar shi ne ta farkar da shi, ya aika wa mabiyansa na garuruwa su hallara Kano da shirin yaƙi.

Ran 18 ga watan Disamba 'yan tatsine suka fito taro a filin Shahuci, kusa da babban masallacin Juma'a na cikin birni. 'Yan sanda suka je tarwatsa su da kulki da barkonon tsohuwa, kamar yadda aka saba yi wa masu zanga-zanga. Sai suka tarar da mutane ɗauke da takubba da adduna da kwari da baka, waɗanda ba sa gudun mutuwa. Aka kashe 'yan sanda, aka ƙone motocinsu, aka ƙwace bindigoginsu. Ganin 'yan sanda sun ja da baya ya ƙara tabbatar wa mabiyan, har da waɗansu mutanen gari, cewa lalle harsashi ba ya cin su.

Daga nan suka bazu zuwa Fagge da wajen Ƙofar Wambai, suka mamaye makarantu da gidajen mutane, suna kashe wanda suka samu ba tare da tambayar addininsa ba, mafi yawan waɗanda suka kashe kuwa Musulmi ne. Kasuwanni suka tashi, dubban mutane suka yi gudun hijira da 'ya'yansu a ka, gawawwaki suka kwana a kan titi ba mai ɗauka. An kawo ƙarin 'yan sandan kwantar da tarzoma daga waɗansu jihohi, amma ba su iya kutsawa cikin 'Yan Awaki ba. Haka aka yi kwana goma.

Sai da abin ya kai haka Shugaba Shagari ya ba soja umurni su shiga. Sojan ƙasa, da taimakon mayaƙan sama, suka kewaye unguwar suka yi mata ruwan wuta da manyan bindigogi, kafin ran 29 ga wata an murƙushe fitinar. Abin da ya gagari 'yan sanda kwana goma, soja suka gama shi cikin kwana biyu. Maitatsine ya sami rauni, ya mutu a lokacin da mabiyansa ke ƙoƙarin ficewa da shi, suka binne shi a bayan gari. Hukuma ta tono gawar don jama'a su tabbata ya mutu, daga baya aka ƙone ta don kada kabarinsa ya zama wurin ziyara.

Wannan nasara ba ta zo a banza ba. Harsashin igwa ba ya bambanta gidan ɗan tatsine da na maƙwabcinsa, an kuma sami almajirai da baƙi waɗanda ba ruwansu, da fusatattun mutanen gari suka kashe bisa zato kawai. Da an tunkari 'Yan Awaki da isasshen ƙarfi tun mabiyan suna ɗaruruwa, ba su watsu cikin unguwanni ba, da ba a kai ga harba igwa a tsakiyar birni ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin Da Ya Biyo Baya

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu, wadda ta ba da rahotonta a 1981. Ita ce ta ba da adadin mutum 4,177. An yi ta raɗe-raɗin cewa wata ƙasar waje ce ta ɗaure wa Maitatsine gindi, amma binciken bai tabbatar da haka ba. Abin da ya fito fili shi ne sakacin hukumomin cikin gida, waɗanda suka san halin da ake ciki shekara da shekaru.

An kashe maciji, amma ba a sare kansa ba. Mabiyan da suka tsira suka watsu cikin garuruwan Arewa, waɗanda aka tsare kuma aka yi wa da yawa daga cikinsu afuwa a 1982, ba tare da an shirya musu sana'a ko an sa ido a kansu ba. A watan Oktoba na wannan shekara fitina ta sake tashi a Bulumkutu kusa da Maiduguri, da Rigasa a Kaduna, sai bayan haka aka haramta ƙungiyar. A watan Fabrairu na 1984, zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, ta ɓarke a Jimeta ƙarƙashin Musa Makaniki, ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka rasa matsuguni, nan ma sai da soja suka shiga. Sai kuma ta Gombe, a watan Afrilu na 1985.

Bayan kusan shekara 29 da mutuwar Maitatsine, a watan Yuli na 2009, rikicin Boko Haram ya tashi a Bauchi da Maiduguri. Aƙidar ƙungiyoyin biyu ba ɗaya ba ce, gama Boko Haram ta yi amfani da motoci da bama-bamai da na'urorin zamani waɗanda Maitatsine ya tsine wa. Amma hanyar da suka bi ta yi kama: mai wa'azi da ke kafirta jama'a, unguwar da hukuma ba ta shiga, samari marasa aikin yi, da gargaɗin da aka yi ta yi ba a saurara ba. Kashe shugabanta Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba ya ba mabiyansa hujjar ɗaukar fansa, Kano kuma ta sake ɗanɗana wannan masifa a hare-haren 20 ga Janairu 2012, da harin babban masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu suna salla, ba nisa da filin Shahuci.

Rayuwar Muhammadu Marwa ta nuna cewa idan ƙungiya ta ɗauki makami tana kashe bayin Allah a gidajensu da kasuwanninsu, takarda da lallashi ba sa tsayar da ita, kuma wajibi ne gwamnati ta fuskance ta da ƙarfin soja, gama kare ran talaka shi ne farkon hakkin da ke kanta. Ta kuma nuna cewa wannan ƙarfi yana bukatar a yi shi da wuri, a yi shi cikin doka, a tsare ran wanda ba shi da laifi, a gurfanar da wanda aka kama gaban alƙali. Bayan an ajiye bindiga kuma akwai sauran aiki a kan ma'aikatan ilmi da na shari'a da sarakuna da malamai, watau kula da yaron da ya sauka a tasha ba shi da masauki. A 'Yan Awaki an sami wanda ya tarbi irin wannan yaro ya ba shi tuwo da tabarma, daga baya ya miƙa masa takobi.