Tarihin Rayuwar Sarki Jayabarman na Bakwai na Daular Khmer

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sarakunan da suka mulki daular Khmer, wadda cibiyarta take a ƙasar da ake kira Kambodiya a yau, a Kudu maso Gabashin Asiya, babu wanda ya bar gine-gine da sassaƙe-sassaƙen dutse masu yawa kamar Jayabarman na Bakwai. Ya hau gadon sarauta a shekarar 1181, wato a zamanin da Salahuddin al-Ayyubi yake mulkin Masar da Sham, ya kuma shafe fiye da shekara talatin yana mulki. Mutanen Khmer sun kasance suna rubuta littattafansu a kan ganyen itace da fatu, waɗanda laima da gara suka cinye tun da daɗewa. Saboda haka kusan duk abin da aka sani game da wannan sarki daga dutse aka samo shi: rubutun da aka zana a allunan dutse, da hotunan da aka sassaƙa a bangaye, da gumakan da aka ajiye a wuraren bauta. Wannan babi zai bi diddigin rayuwarsa ta hanyar waɗannan shaidu, tare da duba yadda ya kamata mai nazari ya auna shaidar da sarki ya bari game da kansa.

1.1 Asalinsa da Ƙasar da Ya Taso Cikinta

An kafa daular Khmer a shekarar 802, a hannun Jayabarman na Biyu. Arzikinta ya dogara ne a kan noman shinkafa da kamun kifi a babban tafkin Tonle Sap, kuma babban birninta yana yankin da aka fi sani da Angkor. Addinai biyu da suka samo asali daga Indiya suka zauna a ƙasar, wato addinin Hindu da addinin Buda. Yawancin sarakunan farko mabiya Hindu ne, suna gina wuraren bauta domin Shiba ko Bishnu. Mafi girman waɗannan gine-gine shi ne Angkor Wat, wanda Suryabarman na Biyu, da ya hau mulki a 1113, ya gina domin Bishnu.

An haifi Jayabarman a wajen shekarar 1125, lokacin da ake tsakiyar aikin ginin Angkor Wat. Sunan mahaifinsa Daranindrabarman, sunan mahaifiyarsa kuwa Jayarajacudamani, kuma dukansu jinin sarauta ne. Gidansu gidan mabiya Buda ne, na mazhabar Mahayana, wadda ta fi ba da ƙarfi ga tausayin halittu da neman kuɓutar da su daga wahala. Matarsa ta farko, Jayarajadebi, ta yi karatun wannan addini a wurin yayarta Indradebi, mace mai zurfin ilimi.

1.2 Shekarun Jira da Faɗuwar Birni

A gabas da daular Khmer akwai ƙasar Campa, a gaɓar teku ta tsakiyar Biyetnam ta yau. Tsakanin Khmer da Camawa akwai ciniki da auratayya, akwai kuma yaƙi. Jayabarman yana can ƙasar Campa, a wajen shekarar 1165, labari ya iske shi cewa wani babban bafade mai suna Tribubanaditya ya tayar wa Sarki Yasobarman na Biyu. Ya yi sauri ya juyo gida, amma kafin ya iso an riga an kashe sarki, bafaden ya ɗare gadon sarauta. Jayabarman bai ja daga ba. Ya koma gefe ya zauna kimanin shekara goma sha biyar yana jiran lokaci. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma rayuwar wannan basarake ta gaskata karin maganar.

A shekarar 1177 Sarkin Campa, Jaya Indrabarman na Huɗu, ya shigo da rundunar jiragen ruwa ta kogin Mekong, ya haura har tafkin Tonle Sap, ya faɗa wa babban birnin ba zato ba tsammani. Aka wawashe birnin, aka kashe Tribubanaditya, ƙasa ta zauna ba shugaba. A nan ne Jayabarman ya fito ya tara mayaƙa, ya yi ta gwabzawa da Camawa a tudu da ruwa har ya kore su. An naɗa shi sarki a 1181, yana dosar shekara sittin da haihuwa. Daga baya ya bi Camawa har gida: ya ci babban birninsu a 1190, kuma daga 1203 zuwa 1220 ƙasar Campa ta zauna ƙarƙashin ikon Khmer.

1.3 Ayyukan Jinƙai

Sarkin da ya hau mulki da furfura, a ƙasar da ta ga abokan gaba a cikin fadarta, yana da abu biyu a gabansa: ya farfaɗo da zukatan jama'a, ya kuma nuna musu dalilin da zai sa su dogara da shi. Jayabarman ya ɗora sarautarsa a kan aƙidar tausayi. Rubutun dutse na shekarar 1186 ya lissafa asibitoci 102 da ke faɗin daular. An gano allunan kafa wasu daga cikinsu a Kambodiya da arewa maso gabashin Tailan, har da Say Fong kusa da birnin Biyantiyan na ƙasar Lawos. Allunan sun nuna cewa asibitocin a buɗe suke ga kowane rukuni na jama'a, an tanadi likitoci da mataimakansu da masu haɗa magani da masu dafa abinci, kuma daga taskar sarki ake aiko da kayan magani irin su zuma da riɗi da kafur. Sun kuma siffanta sarkin da cewa ciwon talakawansa ya fi damunsa a kan ciwon jikinsa.

Wani rubutun na shekarar 1191 ya ambaci masaukai 121 da aka gina a bakin manyan hanyoyi, inda matafiya da masu ziyarar ibada suke yada zango. Hanyoyin sun tashi daga babban birni zuwa Phimai a arewa maso yamma, da kuma wajen Campa a gabas.

1.4 Gine-gine da Sassaƙar Dutse

Magina na Khmer sun yi amfani da dutse iri biyu. Da marmara suke yin harsashi da ganuwa, domin tana da taushi lokacin haƙa, sai ta sha iska ta ƙanƙare. Sassaƙa kuwa da dutsen yashi ake yin ta, wanda ake fasowa daga gindin tsaunin Kulen, a jawo shi tafiyar kilomita talatin ko fiye. Sai an jera duwatsun an tayar da bango, sannan masassaƙa su hau su fitar da siffofi a jikinsa.

Manyan wuraren bauta uku na Jayabarman suna da ma'ana guda idan aka haɗa su. A 1186 ya keɓe Ta Prohm domin tunawa da mahaifiyarsa, aka sassaƙa ta a siffar Prajnaparamita, wadda mabiya Mahayana suke ɗauka a matsayin cikar hikima. A 1191 ya keɓe Preah Khan domin mahaifinsa, aka sassaƙa shi a siffar Lokeshbara, ma'abocin tausayi. A aƙidarsu, haɗuwar hikima da tausayi ita ke haifar da Buda. Saboda haka da sarki ya ajiye babban gunkin Buda a tsakiyar wurin bauta na uku, wato Bayon, jama'arsa sun fahimci matsayin da yake ba kansa a matsayin ɗan waɗannan iyaye biyu. Duk da haka bai kori addinin Hindu ba, domin a Preah Khan da Bayon an ware ɗakuna na Bishnu da na Shiba.

Bayon yana tsakiyar sabon birnin da ya gina, Angkor Thom. Birnin murabba'i ne, kowane gefe kilomita 3, ganuwarsa ta kai tsayin mita 8, an kewaye ta da gwalalo mai faɗin mita 100. Ƙofofinsa biyar ne, kuma a kan gadar kowace ƙofa an jera gumaka 54 na alloli a gefe ɗaya, da 54 na aljanu a ɗaya gefen, suna riƙe da jikin wani ƙaton maciji, kamar yadda ya zo a tatsuniyar Hindu ta kaɗa tekun madara. Hasumiyoyin Bayon kuwa an sassaƙa musu manyan fuskoki masu murmushi da ke duban kusurwoyi huɗu na duniya. Hasumiya 37 suka rage a tsaye, ɗauke da fuskoki wajen 200. Wasu masana na ganin fuskar Lokeshbara ce, wasu na ganin ta sarkin ce da kansa, wasu kuma na ganin an haɗa biyun da gangan.

Bangayen Bayon sun bambanta da na Angkor Wat. A can galibi labaran alloli da jerin gwanon sarki aka sassaƙa. A nan kuwa, ƙarƙashin hoton yaƙin ruwa, inda kadoji suke cafke mayaƙan da suka faɗa tafki, an nuna mata suna ciniki a kasuwa, da masu kallon faɗan zakaru, da masu gashin nama, da masunta, da mace tana naƙuda. Ta waɗannan hotuna ne aka san sutura da abinci da sana'o'in talakan Khmer na ƙarni na 12.

An kuma sami mutum-mutumin sarkin kansa a wurare da dama, ciki har da Angkor Thom da Phimai. An nuna shi dattijo mai kauri, zaune ya tanƙwashe ƙafafu, ya ɗan sunkuyar da kai, idanu a lumshe, gashi a ɗaure a ƙeya, ba kambi ba kayan ado. Gumakan zamanin Angkor Wat a miƙe suke ƙiƙam, fuskokinsu kusan iri ɗaya. Masassaƙan Jayabarman kuwa sun fitar da kamannin mutum da yanayin zuciyarsa, kuma saboda haka ake ɗaukar aikinsu a matsayin wani sabon babi a fasahar Khmer.

1.5 Nauyin da Talakawa Suka Ɗauka

Allunan da suka yabi tausayin sarki su ne kuma suka adana lissafin abin da ayyukansa suka ci. Rubutun Ta Prohm ya nuna cewa ƙauyuka 3,140 da mutane 79,365 aka ɗora wa hidimar wannan wurin bauta shi kaɗai, ciki har da manyan malamai 18 da mata masu rawa 615. Alamun gaggawa ma a bayyane suke a gine-ginen: an yi amfani da tsofaffin duwatsu, an jera wasu ba bisa ƙa'ida ba, an bar wasu hotunan Bayon ba a ƙarasa ba. Wannan ya sa wasu masana tarihi suka ce ya tatse daular har ta gaza farfaɗowa bayansa. Wasu kuwa sun kafa hujja da bayanin Zhou Daguan, wani ɗan tawagar Sin da ya zauna a Angkor Thom daga 1296 zuwa 1297, ya tarar da birni mai yalwa da cinkoso. Binciken baya-bayan nan ya ƙara nuna cewa fari mai tsanani da ambaliya a ƙarni na 14 da na 15 sun lalata hanyoyin ruwan birnin. Ke nan ba daidai ba ne a jingina faɗuwar Angkor ga mutum ɗaya, kamar yadda ba daidai ba ne a karɓi yabon alluna ba tare da duban lissafin da ke ƙasansu ba.

1.6 Rasuwarsa da Makomar Ayyukansa

Bayan mutuwar Jayarajadebi, sarki ya auri yayarta Indradebi, ya ba ta shugabancin koyarwa a makarantun addinin Buda. Ita ce ta tsara rubutun Sanskirit da aka gano a Phimeanakas, cikin fadar sarki, wanda daga gare shi aka san labarin shekarun jiran mijinta. Jayabarman ya mutu a wajen shekarar 1218, yana da shekara casa'in ko fiye.

A cikin ƙarni na 13 aka sami masu kishin Hindu da suka bi wuraren bautarsa suna kankare siffofin Buda daga bangaye, abin da galibi ake dangantawa da zamanin Jayabarman na Takwas. An farfasa babban gunkin Bayon, mai tsayin mita 3.6, aka jefa shi cikin ramin da ke ƙarƙashin hasumiyar tsakiya, sai a 1933 aka tono shi aka harhaɗa. A 2001 masu bincike daga Jami'ar Sophia ta Japan suka tono gumakan Buda 274 da aka binne a Banteay Kdei. Sunan sarkin kansa ya ɓace daga tarihin baka na ƙasar, har an daɗe ana zaton Bayon ginin ƙarni na 9 ne. Binciken masanan Faransa, musamman Philippe Stern a 1927 da George Coedès a 1928, shi ya kai ga mayar da ginin ga mai shi.

Yaƙe-yaƙen Kambodiya na ƙarshen ƙarni na 20 sun buɗe ƙofar satar kayan tarihi. A ƙarshen shekarun 1990 ɓarayi suka ɓamɓare wani sashe na bangon Banteay Chhmar, ɗaya daga cikin wuraren bautarsa, aka kama duwatsun a Tailan, aka mayar da su. Hukumar UNESCO ta sanya Angkor cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, kuma a 2023 gidan tarihi na Metropolitan da ke Amurka ya amince ya mayar wa Kambodiya sassaƙe-sassaƙe 14. A 1999 an buɗe asibitin yara a garin Siem Reap, kusa da Angkor, aka sa masa sunan Jayabarman na Bakwai.

1.7 Kammalawa

An ga yadda Jayabarman ya taso a gidan sarauta, ya yi jira mai tsawo, ya ƙwato ƙasarsa daga Camawa, sannan ya cika ta da asibitoci da masaukai da wuraren bauta. An ga kuma cewa dutsen da ya adana kyakkyawar fuskarsa shi ne ya adana adadin ƙauyukan da suka yi masa wahala. Malamin da zai koyar da tarihin rayuwar kowane shugaba yana bukatar ya saba wa ɗalibansa da tambayar wanda ya samar da shaida, da manufarsa, da abin da shaidar ta fallasa ba da niyya ba.

Tambayoyi

1. Bayyana dalilin da ya sa tarihin Jayabarman ya dogara a kan dutse.
2. Wace alaƙa ce ke tsakanin Ta Prohm da Preah Khan da Bayon?
3. Kawo bambance-bambance biyu tsakanin sassaƙar zamaninsa da ta zamanin Angkor Wat.
4. Tattauna ra'ayoyin masana game da tasirin gine-ginensa a kan daular Khmer.