Abubakar Imam: Marubucin Magana Jari Ce da Hannun da Ya Tallafe Shi

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja, wanda ya ja hankalin Dokta Rupert East na Hukumar Talifi.

A 1936 East ya ɗauko shi zuwa Zariya, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da Indiya da Turai, yana kuma bin rubutunsa da gyara. Cikin kimanin wata shida Imam ya kammala Magana Jari Ce, littafi uku. Tushen labarai da yawa aro ne, amma ya yi musu rigar Hausa har baƙuncinsu ya ɓace. Sunansa kaɗai littafin ya ɗauka, kuma ya cancanta. A Jiki Magayi kuwa, sunan East na tare da na John Tafida.

Shi ne editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya rasu a 1981, kafin NTA ta mayar da labaransa wasan talabijin, inda zaɓi da tsari suka koma hannun wasu.