BUBU HAMA: MALAMIN DA YA RUBUTA TARIHINMU DA FARANSANCI

A wannan makon na zo muku da tarihin wani malami ɗan Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyarmu ta arewa. Na zaɓe shi ne saboda da yawanmu idan aka kaɗa ƙararrawar darasin Faransanci sai mu fara hamma, muna cewa wai me zai amfane mu a Gusau. Ni ma ina cikin masu faɗin haka kafin in san labarin wannan bawan Allah.

An haifi Bubu Hama a shekarar 1906 a ƙauyen Foneko, kusa da garin Tera a yammacin Nijar. Shi ba Bahaushe ba ne, ɗan ƙabilar Sonrai ne, dangin Zabarmawa. A lokacin ƙasar tana hannun Turawan Faransa, kuma iyaye ba sa son ba da 'ya'yansu boko. An kai shi makaranta yana yaro. Ya yi karatu a Dori da Wagadugu, waɗanda yanzu suke cikin Burkina Faso. Da aka ga ƙoƙarinsa sai aka tura shi makarantar horon malamai ta William Ponty da ke tsibirin Gore a ƙasar Sanagal. Ku duba taswira ku ga nisan wurin daga gidansu.

A shekarar 1929 ya dawo gida, ya zama ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga wannan makaranta. Ya yi shekaru yana koyarwa, amma akwai abin da ya dame shi. Littattafan da ake ba yara cike suke da labarin Faransa da sarakunanta, kamar mutanen Afirka ba su da nasu tarihin. Sai ya riƙa zuwa wurin tsofaffi da maroƙa da malaman zaure yana tambayarsu, yana rubuta abin da suka gaya masa. A 1954 shi da wani likita Bafaranshe mai suna Jean Boulnois suka fitar da littafi kan daular Gao. Ya kuma yi aiki a cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai.

Bubu Hama ya rubuta littattafai da yawa da Faransanci, na tarihi da na tatsuniyoyi da na tunani. Wanda ya fi suna shi ne Kotia-Nima, inda ya ba da labarin yaron ƙauye da ya shiga makarantar Turawa, yana ƙoƙarin kada ya rabu da tarbiyyar gidansu. Kusan labarin rayuwarsa ne. Littafin ya ci babbar kyautar adabi ta Afirka baƙar fata. Ya kuma tattara tatsuniyoyi da almarar Nijar a littattafai kashi-kashi.

Wanda ya fi shafarmu shi ne littafin da ya fitar a 1967 kan tarihin Gobir da Sakkwato. Mun sani Gobirawa ne suka ci Birnin Zamfara suka gina Alƙalawa, kuma bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wasunsu suka koma Tsibiri kusa da Maraɗi. Ashe ke nan wani ɓangare na tarihin kakanninmu yana rubuce cikin harshen da muke gudu. Haka kuma ya tara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami, waɗanda har yau suna ajiye a Yamai masu bincike suna dubawa.

Ya shiga siyasa tare da Jori Hamani a jam'iyyar PPN-RDA. Daga 1958 zuwa 1974 shi ne shugaban Majalisar Dokoki, yana kan kujerar aka ba Nijar 'yanci ran 3 ga Agusta 1960. A nan ne mutane suka rabu a kansa. Gwamnatinsu ta hana sauran jam'iyyu, ta kuma matsa wa 'yan Sawaba, mutanen Jibo Bakari. Saboda haka akwai masu yabon iliminsa amma ba sa yabon mulkin da ya yi aiki a ciki.

A watan Afrilu 1974, ana cikin fari da yunwa, soja a ƙarƙashin Saini Kunce suka yi juyin mulki. Aka kama Bubu Hama yana tsoho mai kusan shekara saba'in, aka tsare shi a Agadas. Daga baya aka sake shi. Allah Ya yi masa rasuwa a Yamai a watan Janairu 1982. Kujerar mulki ta tafi, amma littattafansa suna nan. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai ma sunansa yake ɗauke da shi.

Da na gama haɗa wannan labari sai na tuna da kakata da ke Bunguɗu. Ta san sunayen rijiyoyin da suka ƙafe, da labarin shekarar yunwa, da tatsuniyoyin da ko mamata ta manta. Babu wanda ya taɓa rubuta ko ɗaya. Hutun da ke zuwa zan tafi da sabon littafi da biro in zauna kusa da ita, in Allah Ya yarda. Ina roƙon kowane ɗalibi mai kaka a Tsafe ko Bunguɗu ko cikin Gusau ya yi haka, ya kawo mu manna a wannan allo. Faransanci kuma mu daina guje masa, don wata rana mu karanta da kanmu abin da Malam Bubu ya rubuta a kanmu.

Allah Ya jiƙansa, Ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu.

Daga 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta