Ibn Sina, likitan da ya yi gargaɗi kan afiyun

A karar shanu na tashi nan Legas wajen mahaifina, kuma wallahi na ga samarinmu na faɗuwa da farfaɗiya saboda tramadol. Shi ya sa labarin likita Ibn Sina ya tsaya mini a rai. An haife shi kusa da Bukhara a 980. Cikin littafinsa Alƙanun ya bayyana cewa afiyun na kashe zafi, ya sa barci, amma in ya yi yawa sai ya dagula hankali, ya danne numfashi. Tramadol dangin afiyun ce, hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa. An ruwaito cewa yana jinya wani bawansa ya cika masa afiyun a magani. Ya rasu a Hamadan a 1037. 'Yan'uwa, ƙwaya ba ta san gwani ba.