YAROSLAF HEYROFSKI, MALAMIN DA YA YI AWO DA ƊIGON ZAIBA

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi a marinar Kura ya san abin al'ajabin nan na baba: ana tsamo zane yana kore-kore, da iska ta buge shi sai ya rikiɗe ya zama shuɗi. Masana kimiyya sun ce dalili shi ne sinadarin da ke cikin baba yana karɓar 'yan ƙwayoyin lantarki, yana kuma sakinsu. Haka kuwa sinadarai da yawa na cikin tsirrai suke. Wanda ya gano yadda za a bi wannan hali nasu a san irinsu da yawansu shi ne Yaroslaf Heyrofski, shi ne kuwa muke so mu ba da tarihinsa yau.

An haife shi ran 20 ga Disamba, 1890, a Prag, babban birnin ƙasar Cek, tana ƙarƙashin mulkin Ostiriya a lokacin. Ubansa shaihun malamin shari'a ne a jami'ar birnin. Cikin 1910 ya tafi Landan neman ilmi, ya sami digirin farko a 1913. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, aka sa shi aiki a asibitin soja, yana haɗa magunguna. Wannan bai hana shi karatu ba, har ya sami digirin dakta a Prag cikin 1918.

Ɗaya daga cikin malaman da suka jarraba shi, Farfesa Kucera, ya ba shi wani aiki mai ban gajiya. Zaiba, wato ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, ake sa ta ɗiga ta siririn bututun gilashi zuwa cikin ruwan da aka jona wa lantarki, shi kuwa ya tara ɗigon ya auna nauyinsa ya rubuta. Fiye da shekara uku yana wannan, ba wani abin a zo a gani. Ran 10 ga Fabrairu, 1922, sai ya sake dabara, ya auna lantarkin da ke ratsa ɗigon maimakon nauyinsa. Nan fa ƙofa ta buɗe.

Ga yadda abin yake. Ana ƙara ƙarfin turin lantarki kaɗan kaɗan. Kowane sinadari yana da matsayin da in an kai shi zai fara musayar ƙwayoyin lantarki da zaibar, sai allurar ma'auni ta yi tsalle. Wurin da ta yi tsallen shi ke nuna wane sinadari ne, tsawon tsallen kuma shi ke nuna yawansa. Da yake kowane ɗigo sabo ne fil, dauɗar awon baya ba ta ɓata na gaba. Shi da wani Bajafane mai suna Shikata suka ƙera na'urar da ke zana wannan da kanta a bisa takarda, suka bayyana ta a 1925. Aka kira hanyar folarografi, ita ce uwar dabarun da ake kira boltametiri.

Rayuwarsa ba ta rasa jarrabawa ba. A 1939 Jamusawan Hitila suka rufe jami'o'in Cek, amma ya sami damar ci gaba da aiki a ɗakin bincikensa. Saboda haka bayan yaƙi waɗansu suka zarge shi da haɗa kai da abokan gaba. Aka bincika, aka wanke shi. A 1950 ya zama shugaban cibiyar folarografi ta Prag, a 1959 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Ya mutu ran 27 ga Maris, 1967.

To, ina ruwan manomin Bunkure da wannan? Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwan Kogin Kano ya wadata filayen Kura da Bunkure da Garun Malam da noman rani. Lokacin da tumatir ya cika kasuwa farashi ya faɗi, manomi yakan yanka ya shanya. Zafi da iska kuwa suna rage bitamin C, sinadarin da rashinsa ke sa dasashi zub da jini. Ido ba ya ganin abin da ya ragu, harshe ba ya jinsa, amma wannan awo yana nuna shi, ko da ɗan ƙanƙane ne. Yanzu an fi amfani da gawayi na musamman ko zinariya a madadin zaiba, domin zaiba guba ce, amma tushen dabarar na Heyrofski ne.

Abin da muke so malaman makaranta da akawuna su lura da shi shi ne, mutumin nan ya shekara uku yana rubuta alƙaluman da ba wanda ya damu da su, bai yi ha'inci ba, bai gaji ba. Yaron da aka horar ya auna daidai ya rubuta daidai tun yana elementare, shi ne gobe zai faɗa wa manomanmu gaskiyar abin da ke cikin amfanin gonarsu.