Samuel Ajayi Crowther da Mahaifiyarsa

Karatu: Fitowa 20:12, 1 Bitrus 3:15-16

A cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da sauran unguwannin Hausawa na Ikko, da wuya a sami wanda danginsa duka suke bin hanya ɗaya da shi. Wani ubansa Musulmi ne, wata kuwa mijinta ba ya taka ƙofar majami'a. Saboda su muka zaɓi labarin wannan bawan Allah, wanda kabarinsa yana nan Ikko, a babbar majami'ar Almasihu ta Marina.

An haifi Ajayi a Osogun, cikin ƙasar Yarbawa. A shekarar 1821 mahara suka ci garin, suka kama shi tare da uwarsa Afala da ƙannensa mata. Bai ƙara ganin ubansa ba, ba a daɗe ba kuma aka raba shi da uwar. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya kai ga Turawan Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, aka sauke shi a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825. A 1843 aka naɗa shi limamin ikilisiya.

A 1846 aikin bishara ya kai shi Abeokuta. Bai daɗe da sauka ba sai ga uwarsa, bayan rabuwar shekara 25. A nan ne darasinmu yake. Ɗan ya komo mai wa'azin Almasihu, uwar kuwa ba ta san wata ibada ba sai ta gumakan kakanninta. Ga murna, ga kuma rata mai faɗi a tsakaninsu. Crowther bai jira ta ba da gaskiya kafin ya girmama ta ba. Ya karɓe ta, ya ɗauki nauyinta, gama dokar girmama iyaye ba ta zo da sharaɗi ba. Bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa domin a zauna lafiya ba. Ta ji koyarwar, ta kuma ga zamansa da matarsa da 'ya'yansa. Sai a farkon 1848, bayan kusan shekara ɗaya da rabi, aka yi mata baftisma. Aka sa mata suna Hannatu, sunan uwar Annabi Sama'ila.

Wannan hali ya bi shi har tsufa. Bayan an naɗa shi bishop a Kantabiri a 1864, yakan ziyarci Sarkin Bida Masaba da waɗansu sarakunan Musulmi da ladabi. Ya riga ya gane cewa mutum yana iya kada abokin gardamarsa, zuciyar abokin kuwa ta ƙara nisa. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891.

Kada mu ɗauki labarin nan kamar alkawari cewa kowane ɗan'uwanmu zai bi sawun Afala. Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Ƙaunar da ake yi domin a ja mutum kaɗai tarko ce, dangi kuwa sukan gane ta da wuri. Abin da aka ɗora mana shi ne mu riƙe zumunci, mu je gaisuwa da ta'aziyya, mu taimaka ran wahala, in an tambaye mu dalilin begenmu kuma mu amsa da tawali'u da girmamawa.

Tambayoyi
1. Wane ɗan'uwa muka daina gaisarwa saboda sha'anin addini?
2. In danginmu ba su taɓa jin wa'azi ba, me za su sani game da Almasihu daga halinmu?