Santiago Ramon y Cajal: Yaron wanzamin da ya gano yadda saƙo ke tafiya a ƙwaƙwalwa

Idan mutum ya taka ƙaya, ƙafarsa kan janye tun kafin ya gama jin zafin. A cikin wannan ɗan lokaci saƙo ya tashi daga tafin ƙafa, ya bi jijiya zuwa lakar gadon baya, sannan umarni ya dawo wa tsokar ƙafar.

A yau ɗaliban likitanci sun san cewa saƙon yana bi ne ta ƙwayoyin halitta masu zaman kansu, kowace tana miƙa wa ta gaba. Mutumin da ya tabbatar da haka shi ne Santiago Ramon y Cajal, wani likita ɗan ƙasar Sifaniya, wanda a yarintarsa aka fid da rai zai yi karatu.

Yarinta da ƙiriniya

An haife shi ranar 1 ga watan Mayun 1852 a wani ƙaramin ƙauye mai suna Petilla de Aragon a arewacin Sifaniya. Mahaifinsa, Justo Ramon, likitan fiɗa ne da ya taso cikin talauci, kuma ba shi da burin da ya wuce ɗansa ya gaje shi.

Shi kuwa Santiago zane ne a ransa. Bango, ƙofa, takarda, duk abin da ya samu sai ya yi zane a kai. Mahaifinsa yana ganin wannan ɓata lokaci ne, don haka ya hana shi.

Ƙiriniyarsa ta kai ga yana ɗan shekara 11 ya haɗa wata 'yar igwa da hannunsa, ya harba ta ya fasa ƙofar maƙwabcinsu, har aka tsare shi na 'yan kwanaki. Da karatu ya ƙi gaba, mahaifin ya kai shi koyon sana'a wajen wanzami, daga baya kuma wajen mai ɗinkin takalma.

A shekarar 1868 mahaifin ya sauya dabara. Ya fara koya masa ƙirar jikin ɗan'adam da ƙasusuwan da suka tattaro daga tsohuwar maƙabarta. Da ya ga yadda yaron ke zana kowane ƙashi daidai yadda yake, sai ya gane cewa baiwar da yake yaƙa tana da amfani a likitanci.

Yaƙi da jinya

Cajal ya kammala karatun likita a Jami'ar Zaragoza a 1873, ya shiga aikin soja a matsayin likita. A 1874 aka tura shi Kyuba, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Sifaniya kuma ana yaƙi a cikinta. A can zazzaɓin cizon sauro ya kusa hallaka shi, ya dawo gida a 1875 a rame.

Da ɗan abin da ya tara na albashin soja ya sayi madubin duba ƙananan halittu na farko a 1877. A 1879 ya auri Silveria Fananas, wadda ta yi ta tattalin gida domin kuɗin ya ishi bincikensa. Ya zama farfesa a Valencia a 1883, ya koma Barcelona a 1887.

Muhawarar da ta raba masana

A wancan zamani an riga an yarda cewa sassan jiki duk an gina su ne da ƙwayoyin halitta ɗai-ɗai. Ƙwaƙwalwa ce ta gagara. Idan aka yanka ta aka duba a madubi, zaruruwa ake gani sun cakuɗe, ba a gane farkon wani balle ƙarshensa.

Saboda haka manyan masana suka tafi a kan cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka a haɗe suke gaba ɗaya kamar komar masunta, saƙo na yawo a ciki ta kowace fuska.

Cikin masu wannan ra'ayi akwai wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi. A 1873 ya gano wata hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa. Rinin yana kama ƙwayoyi 'yan kaɗan ne kawai, ya mayar da su baƙi ƙirin tun daga jiki har rassa, sauran kuma ya bar su ba launi. Ta haka ake iya ganin ƙwaya guda a fili.

Cajal ya fara ganin wannan rini ne a 1887 a Madrid, a wajen wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Luis Simarro. Da ya koma gida ya gyara hanyar, yana tsoma naman sau biyu a rinin.

Ya kuma yi wata dabara. Maimakon ƙwaƙwalwar babbar dabba, sai ya riƙa duba ta 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba da ta jariran dabbobi. A wannan mataki rassan ba su yi yawa ba, kuma farin kitsen da ke lulluɓe jijiyoyi, wanda ke hana rinin kamawa, bai riga ya fito ba.

Abin da ya gani

A 1888, yana nazarin ƙwaƙwalwar tsuntsaye, ya lura cewa reshen kowace ƙwaya yana zuwa dab da ta gaba ne ya tsaya. Suna kusantar juna, amma ba sa narkewa su zama abu ɗaya.

Daga nan ya fayyace ƙirar ƙwayar. Tana da jiki a tsakiya, da gajerun rassa masu kama da na bishiya, da kuma dogon zare guda ɗaya. Ya yi bayanin cewa rassan ne ke karɓar saƙo, zaren kuma ya fitar da shi zuwa ƙwaya ta gaba, wato saƙon hanya ɗaya yake bi. Shi ya sa zane-zanensa ke cike da ƙananan kibau masu nuna inda saƙon ya dosa.

A jikin mutum irin wannan zare kan kai kusan mita ɗaya, kamar wanda ke tashi daga ƙasan laka zuwa yatsan ƙafa.

A 1890 ya gano cewa zaren da ke girma a jikin ɗan tayi yana da wani kai a ƙarshensa, wanda ke laluben hanya har ya isa inda zai tsaya.

Tafiyar Berlin

Gano abu daban, a yarda da shi daban. Cajal yana wallafa bincikensa ne da harshen Sifaniyanci, a wata mujalla da ya kafa da kuɗin aljihunsa, kuma masanan Turai ba sa karanta harshen.

A 1889 ya ɗauki madubinsa da gilasan da ya shirya, ya biya wa kansa kuɗin tafiya zuwa taron masana ƙirar jiki na Jamus a Berlin. A can ya shawo kan Albert von Kolliker, ɗaya daga cikin jiga-jigan fannin, ya zo ya duba da idonsa. Kolliker ya gamsu, har ya koyi Sifaniyanci domin ya karanta rubuce-rubucensa.

A 1891 wani Bajamushe, Wilhelm Waldeyer, ya yaɗa sunan niyuron ga wannan ƙwaya. A cikin shekarar ce kuma Cajal ya rasa 'yarsa Enriqueta sakamakon sanƙarau, cutar da ke kama rigar ƙwaƙwalwa da laka.

Ya koma Jami'ar Madrid a 1892. A wata lacca da ya gabatar a Landan a 1894, ya kawo ra'ayin cewa koyo da yawan maimaita aiki suna ƙarfafa alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin. Binciken zamani ya goyi bayan wannan.

Kyauta ɗaya, ra'ayi biyu

A 1906 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Golgi, karon farko da mutum biyu suka raba ta a wannan fanni. Shi ne kuma ɗan Sifaniya na farko da ya samu Nobel a kimiyya.

A birnin Stockholm, Golgi ya yi amfani da laccarsa wajen sukar ra'ayin Cajal tare da kare batun koma. Washegari Cajal ya tashi ya jero hujjojinsa. Rinin Golgi ne ya rushe ra'ayin Golgi, amma har ya rasu a 1926 bai sauya matsayi ba.

Daga baya Cajal ya koma nazarin jijiyoyin da suka ji rauni. Ya nuna cewa jijiyar hannu ko ta ƙafa kan iya sake tsirowa idan ta yanke, amma ta cikin laka da ƙwaƙwalwa da wuya ta yi hakan. Wannan ne ya sa wanda ya ji rauni a laka a hatsarin mota kan daɗe bai tashi ba, kuma har yau masana na neman mafita.

Ya yi ritaya a 1922, matarsa ta rasu a 1930, shi kuma ya rasu a Madrid ranar 17 ga watan Oktoban 1934 yana da shekara 82.

Bai taɓa ganin tazarar da ya ce tana tsakanin ƙwayoyin ba, domin madubin zamaninsa ba ya iya nuna ta. Sai a shekarun 1950, kimanin shekara 20 bayan rasuwarsa, madubi mai aiki da lantarki ya nuna ta, kuma ta fi gashin kai siranta fiye da sau 1,000.

Ta wannan 'yar tazara ce sinadarai ke tsallakar da saƙo, kuma a nan ne magungunan cututtukan ƙwaƙwalwa da dama suke aiki. Masana sun ƙiyasta cewa ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi kusan biliyan 86.

Zane-zanen da Cajal ya bari sun kusa 3,000, kuma har yanzu ana buga wasu a littattafan koyar da likitanci. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya takardunsa cikin kundinta na kayan tarihin duniya.